Littafi Huɗu A Cikin Mangala

A gidan wanzamai aka haife ni, a wani gari na ƙasar Katsina. Tun ban kai shekara bakwai ba nake riƙe wa Baba zabira. Zaurenmu shi ne asibitin unguwa: aski da sassafe, ƙaho da hantsi, kaciya idan sanyi ya shigo. A cikin gida kuma akwai wani asibitin da ba wanda ya taɓa kiransa da wannan suna. Kakata ta wajen uba ungozoma ce. Inna ita ke dakan magani, ta tankaɗe, ta ƙulla a tsumma, ta san wanda ya ƙare da wanda ya kusa ƙarewa. A lokacin Baba kaɗai nake ɗauka mai magani. Abin da matan gida ke yi, a wurina, aikin gida ne kawai.

Ni ne ɗan fari, ni ne kuma na fara gama sakandare a zuriyarmu. Baba ya sayar da gona ɗaya da shanun huɗa biyu ya tura ni Masar karatun likita. Ranar tafiya Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta kira sunana ba, da ma ba ta taɓa kira ba. Ta miƙo mini ƙullin kwalli ta ce, "Kai, riƙe wannan. An ce ƙasar akwai ƙura."

Shekarar farko na haye da ƙyar. Ta biyu na faɗi, aka ba ni damar maimaitawa. Saura wata ɗaya jarrabawa, iskar bazara mai yashi ta taso, idona na hagu ya yi ja, ina jin kamar tsakuwa a ƙarƙashin fatar. Na sa kwallin Inna kwana biyu. A rana ta uku na shiga wani kantin magani na ce a ba ni abin da zai kwantar da ja, aka ba ni ɗigo mai sitiroyid, wato maganin danne kumburi, ba wanda ya duba idon. Jan ya kwanta, na ce na warke. Bayan kwana biyar na tashi da farin ɗigo a tsakiyar baƙin idon, hasken taga kuma kamar ana soka mini allura. Likitar ido ta ɗiga mini wani rini mai launin ɗorawa, ta haska da shuɗiyar fitila, gyambon ya fito kore shar. Abin da ya faru a bayyane yake. Yashi ya karce fatar nan mai garai da ke rufe baƙin ido. Tsinken kwalli ya kai ƙwayoyin cuta cikin karcen. Sitiroyid kuma ya danne garkuwar wurin, ya ɓoye ja da zafi, cutar ta samu fili tana ci. An ɗora ni kan ɗigon kashe ƙwayoyin cuta kowace awa, dare da rana. Gyambon ya warke, amma ya bar tabo a daidai inda haske ke shiga. Har yau da idon nan yatsu kawai nake iya ƙirgawa, su ma sai an matso.

Na zauna jarrabawar da ido ɗaya na sake faɗuwa, aka sallame ni. Wata bakwai ban faɗa wa kowa a gida ba. Ina wanke kwanuka a wani gidan abinci, duk Juma'a Baba ya kira ya ce, "Likita, ya karatu?" in ce da godiya. Ban san wani abu da ya fi wannan kalma nauyi a kunnena ba. Dare ya yi in kwanta ina lissafin kuɗin gonar, ina tuna shanun da sunayen da muke kiransu. Na sha ɗaukar waya da niyyar in faɗi gaskiya, in ji muryarsa cike da murna, in fasa. Ana cikin haka ƙanena ya kira ya ce Baba ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ba ni da kuɗin jirgi. Ya rasu yana zaton yana da ɗa likita a hanya, kuma wannan zato ni na bar shi da shi.

Bayan arba'in ɗinsa wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu suka ja ni ziyara Bahnasa, don sun ga na daina fita. Garin yana lardin Minya, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira, a bakin rafin Bahar Yusuf. Mutane na zuwa ne saboda maƙabartar waɗanda suka yi shahada lokacin buɗe Masar, har ana yi wa wurin laƙabi da Baƙi'ar Masar. A can na fara jin cewa ƙarƙashin wannan ƙauye akwai wani tsohon birni da Girkawa suka kira Oksirinkus, da sunan wani kifi mai tsinin baki da mutanen garin ke girmamawa. Rumawa sun karɓi Masar a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), birnin ya shafe ƙarnuka a hannunsu. Mutanensa suna zubar da shara a bayan gari, juji a kan juji, a wurin da ambaliyar Nilu ba ta kaiwa kuma ruwan sama ba ya sauka. Sai takardunsu na fafiras, waɗanda ake yi da karan bakin kogi, suka ƙi ruɓewa. Daga 1896 zuwa 1907 wasu Turawan Ingila biyu, Bernard Grenfell da Arthur Hunt, suka tone jujin suka kwashe gutsattsarin takardu wajen rabin miliyan zuwa Oksfod. Har gobe ana karanta su ana bugawa.

Da na koma ɗaki na shiga neman fassararsu a intanet, don in samu abin da zai raba ni da tunani. A nan na ci karo da takarda mai lamba 4001, wadda aka buga a kundi na 59 a 1992. Wasiƙa ce ta ƙarshen ƙarni na 4. Wani mai suna Yudaimon, yana wani gari, ya rubuto gida. A bayan takardar ya rubuta inda za a kai ta: ɗakin magani. A ciki kuwa da mahaifiyarsa ya fara gaisuwa, sai kakanninsa mata, sai 'yar'uwarsa Kira. Ya ce hankalinsa ya tashi da aka gaya masa Kira ba ta da lafiya, ya gode wa Ubangiji da ta samu sauƙi. Daga nan ya shiga lissafin kaya. Littafi huɗu kawai ya tarar a cikin mangala, alhali sun rubuto cewa biyar suka aiko. Sauran kaya duk sun iso, ban da tulun kitse, a madadinsa tulun maganin ido aka ba shi, don haka ɗan'uwansu Tiyodoros ya bincika. Ya ce a aiko masa da abin tagullar nan don ya samu wasu kayan aikin, a haɗo da abin gashi da ƙahon tagulla, a kuma auno masa fam uku na maganin ido, a haɗa daga kowane iri. Kalmar da ya kira abin tagullar da ita ta raba masana biyu: wasu sun ce fallen tagulla ne da zai sa a ƙera masa kayan aiki, wasu sun ce akwatin kayan fiɗa ne mai ninkewa.

Na karanta ta ya fi sau ashirin a daren nan. Ga likita ya yi tafiya, amma ɗakin magani bai rufe ba, tunda can ya ce a kai wasiƙar. Su wa ke ciki? Uwa, da tsofaffi mata, da 'yar'uwa. Mutum ba ya rubuta wa wadda ba ta san kan kaya ba ya ce ta haɗo masa maganin ido daga kowane iri. Sai wadda ta san wannan mai ɗaure jijiya ne, wancan mai sanyaya ido ne, ta san inda sikeli yake. A ganina waɗannan mata su ne ƙashin bayan wurin. Ina cikin wannan tunani sai hoton Inna ya faɗo mini, tana zaune a gindin turmi da rariya a cinya, Baba ya leƙo daga zaure ya ce, "Akwai sauran na basir?" ta ba shi amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Shekara ashirin ina ganin wannan ban gane abin da nake gani ba. A daren na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Tun daga ranar na ɗauki kayan da Yudaimon ya lissafa ina binsu ɗaya bayan ɗaya, kuma na fara da wanda na fi sani. Girkawa suna kiran abin yin ƙaho da sunan duma, Rumawa ma ɗan duma suke ce masa. Wani marubucin Rum mai suna Kelsus, wanda ya rayu zamanin Sarki Tiberiyus, ya ce iri biyu ne. Na tagulla bakinsa a buɗe, gindinsa a rufe. Ana kunna ɗan tsumman lilin a jefa ciki, a kifa bakin a jiki a danna har ya kama. Wuta ce ke ɗumama iskar ciki ta kore wani sashe, idan ta mutu iskar ta huce ta tsuke, sai fata ta shige ciki. Shi ya sa ake yi masa ciki mai faɗi da wuya mai ɗan matsi, don tsumman ya zauna a cikin ba a kan fata ba. Idan aka yi jinkirin kifawa leɓen ya yi zafi ya ƙona mutum, idan wutar ta yi kaɗan ba zai kama ba. Na biyun na ƙahon dabba ne, da 'yar ƙofa a tsininsa. A ɗora a jiki, a zuƙe iskar da baki, a toshe ƙofar da kakin zuma. Da na kai nan sai da na ajiye wayar. Wannan shi ne aikin Baba, ba ragi ba ƙari. Kelsus ya ƙara da cewa idan an tsaga fata tukuna jini ne zai fito, idan ba a tsaga ba iska ce, kuma in ba a samu ko ɗaya ba ƙaramin kofi ko kwanon kunu mai matsattsen baki zai yi aikin. Abin gashin kuwa mazubi ne da ake cika wa da ruwan zafi a ɗora inda ke ciwo. A Fafos ta tsibirin Saifurus an tono irinsu na yumɓu, kowanne an gina shi da siffar gaɓar da za a ɗora shi a kai.

Maganin idon shi ya fi tsaya mini, dalilin kuwa a fuskata yake. Fam ɗin Rumawa giram 327 ne ko kusa da haka, fam uku ke nan ya tasam ma kilo guda. Kilo guda na maganin ido ba ƙaramin abu ba ne, ya ishe ka sanin yawan masu ciwon ido da ke sallama a ƙofar likita a Masar ta wancan zamani, ƙasar ƙura da ƙuda. Ba ruwa ba ne a kwalba kamar namu. Busassun 'yan sanduna ne ko ƙananan curi. Abubuwan da aka fi sawa a ciki su ne tokar tutiya da ake kankarowa daga murhun narkar da jan ƙarfe, da farar dalma, da ƙonannen jan ƙarfe, da kwalli, da ofiyom, da za'afaran, da mur, da ruwan bagaruwa, da ƙaro. Bagaruwar nan tamu ce dai, ta bakin Nilu. Kelsus ya kawo wani haɗi mai sauƙi: farar dalma da aka wanke, da tokar tutiya, da ƙaro, kowanne awon dinari ɗaya, wato wajen giram 4, sai gasasshen ofiyom awon dinari biyu. Ka'idar haɗawa ita ce a niƙa kowanne shi kaɗai, sannan a haɗa a sake niƙawa ana ɗiga ruwa kaɗan kaɗan. Amfanin ƙaro shi ne ya riƙe curin idan ya bushe, kada ya marmashe. In mara lafiya ya zo sai a gutsura, a goga a kan ɗan faifan dutse, a dama da ruwa. Idan kumburin ya yi tsanani a dama da farin ƙwai ko nonon mace don a rage masa kaifi, a shafa da tsinken tagulla.

A cikin wannan haɗi akwai mai amfani. Tutiya tana ɗaure ido mai zubar ruwa, har yau ana sa ta a wasu magungunan ɗigo, ofiyom kuma yana kashe zafi. Ɓarnar ta wajen uku take zuwa. Idan niƙan bai yi laushi ba, ƙwayar garin da kanta za ta karce ido. Dalma guba ce mai taruwa a jiki, kuma yawancin kwallin dutse da muke sa wa jarirai dalma ce a cikinsa. Na ukun shi ne tsinken, wanda ke fita daga idon wannan ya shiga na wancan. Ba su san ƙwayoyin cuta ba, ba za a ga laifinsu ba. Ni da na zauna aji aka koya mini, na sani.

Tulun kitsen da ya ɓata ma ba abin wasa ba ne. Kitse shi ne gindin man shafawa da maganin da ake ɗaurawa a kan gyambo. Akwai wani sananne da ake kira mai haɗi huɗu: kakin zuma, da baƙin danƙon itace, da ƙaron itace, da kitsen bijimi, in babu a sa na maraƙi, kowanne nauyinsa daidai da na ɗan'uwansa. Ana narkar da su tare a shafa a ƙyalle a ɗora kan maruru don ya nuna ya fashe. Duk sirrin yana wajen awo. Ƙaro ya yi yawa, ya ƙame ya ɗaye fata. Kitse ya yi yawa, ya narke ya zube a zafin Masar. Akwai wata wasiƙar daga Masar, ta zamanin Sarki Nero, da wani Kairas ya rubuta wa abokinsa likita Diyonisiyus. Ya ce haɗi biyu ka aiko mini, na farkon daidai yake, amma na biyun ba ka rubuta nauyin ƙaron ba. Haɗin da aka manta awo ɗaya a cikinsa ya tashi daga magani. Ina jin shi ya sa Yudaimon ya damu da littafi na biyar. Babu injin buga littafi, kowane kwafi da hannu aka rubuta shi, kuma mai yiwuwa a gefensa akwai gyaran uba da na kaka.

A daular Rum ba a ba likita lasisi. Wanda ya ce shi likita ne, kuma mutane suka yarda suka zo, ya zama. Sana'ar a gida ake koyonta, ko a hannun maigida, kamar dai wanzanci. Hukuma tana zaɓar wasu kaɗan ta yafe musu wasu ayyuka da haraji, har Sarki Antoninus Fiyus ya ƙayyade yawansu: biyar a ƙaramin gari, bakwai a matsakaici, goma a babban birni. A Oksirinkus irin waɗannan likitocin hukuma ake aikawa su duba wanda aka ji wa ciwo ko gawa, su rubuto rahoto. Akwai na shekarar 325, kan wata yarinya da gini ya rufto wa, sun rubuta yanka a ƙugu da rauni wajen kafaɗa da gwiwar dama. Yadda ɗakin maganin kansa yake kuwa, an fi ganinsa a Rimini ta Italiya, inda a 1989 aka tono gidan wani likita da gobara ta cinye a tsakiyar ƙarni na 3. Ɗakin duba marasa lafiya a cikin gidan zamansa yake, kusa da shi ga ɗan ɗakin kwanciya, ga turame da taɓare na dutse, ga kayan fiɗa wajen 150. Askarsu ƙotar tagulla ce da tsaga a kai, ana zura ruwan baƙin ƙarfe a ciki, in ya dakushe ko ya yi tsatsa a cire a sa wani. A maƙabartar da ke kusa da Ostiya, tashar jiragen ruwan birnin Rum, kuma akwai kabarin mata da miji na ƙarni na 2 da allunan yumɓu biyu a jikinsa. A ɗaya matar ce zaune a gaban mai naƙuda tana karɓar haihuwa, wata ta riƙe mai naƙudar ta baya. A ɗayan mijin ne yana aiki a ƙafar wani a kan tasa. Wanzami da ungozoma a gida ɗaya, kamar kakana da kakata.

Akwai ayyuka biyu nasu da na karanta jikina ya yi sanyi, don na san har yau ana yin su a ƙauyukanmu. Na farko tura yanar ido da allura. Mara lafiya zai yi kwana uku yana cin abinci kaɗan, ya yini da yunwa ana gobe aiki. A zaunar da shi yana fuskantar haske, likita ya zauna gabansa a ɗan sama da shi, wani ya riƙe kan ta baya, a rufe ɗaya idon da ulu. Idon hagu da hannun dama ake yi, na dama da hannun hagu. A soka allura tsakanin baƙin ido da kusurwar da ke wajen kunne, a danna yanar ƙasa har ta kauce daga ƙofar gani, in ta dawo a farfasa ta. A rufe da ulu da aka jiƙa da farin ƙwai. Mutum zai ga haske nan take, abin da ke sa a yi ta yabon mai aikin ke nan. Amma yanar nan ai ita ce madubin idon da ya dushe, kuma tana nan a ciki ba a fitar da ita ba. Bayan makonni ko watanni sai ta ta da kumburi, ko hawan ruwan ido ya biyo baya, ko cuta ta bi ramin allurar, idon ya tafi gaba ɗaya, mai allura kuma ya daɗe da barin gari. Na biyu yankan belu. Su Rumawan da kansu sun yi kashedi kada a yanke shi yana ja yana kumbure, saboda jinin ba ya tsayuwa, har suka ƙera wani hantsaki mai haƙora na murƙushe shi kafin a yanka. Mu kuwa jariri ɗan kwana uku ake cire wa, lafiyarsa ƙalau.

Wata biyu bayan na karanta wasiƙar Yudaimon 'yan'uwa ɗalibai suka haɗa mini kuɗin jirgi. Na iso gida da magariba, na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai game da karatun, tun daga faɗuwar farko. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Ka ci abinci?" A lokacin yana ta riga ta fara rufe mata ido biyu, tana ganin mutum kamar a hazo.

Zauren na tarar ya kusa mutuwa. Ƙanena ya iya aska da ƙaho, amma bai san haɗin ko magani ɗaya ba, mutane kuma sun ɗauka komai ya bi Baba kabari. Na sayi littafi mai bango mai kauri da ƙaramin sikeli na masu sayar da zinariya. Kullum bayan isha'i sai in zauna gaban Inna, ta faɗi suna, ta ɗebo da hannunta yadda ta saba, ni kuma in ɗora a sikeli in rubuta giram. Inda ta ce "ɗan kaɗan" sai in ce, "Inna, ɗebo mu gani," mu auna sau uku mu ɗauki na tsakiya. Ashe duk haɗin da Baba ke bayarwa a hannunta awonsa yake. Na shiga makarantar koyon aikin lafiya na yi shekara uku, yanzu ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu, da yamma ina zaure tare da ƙanena.

Mun sauya abubuwa da yawa, wasu da rigima. Aska reza ce sabuwa ga kowane mutum, a gabansa ake ɓare ta, saboda ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau. Ƙahonin Baba na rataye a bango, mun daina aiki da su, don ƙahon dabba yana da 'yan ƙofofi da tsaga da jini ke maƙalewa, tafasawa kuma tana fasa shi. Kofunan roba muke sawa, kowa da nasa. Duk wani ƙarfe da za a maimaita sai an wanke shi da sabulu da buroshi, sannan a tafasa minti 20, ana fara ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya tafaso. Ba ma yi wa mai ciki ƙaho, ko mai ƙarancin jini, ko mai shan maganin tsinka jini. Belu mun daina taɓawa, wannan ya janye mana gidaje da dama a ranar suna, wasu har yau ba su dawo ba. Ido kuwa ba ma ba da komai. Jan ido mai zafi, ko mai gudun haske, ko mai farin ɗigo, a ranar ake tafiya asibitin ido, in mutum ya yi gardama sai in ɗaga masa fatar idona na hagu ya duba.

Bara wani mai allura ya sauka a garinmu, maƙwabta suka yi ta zuga Inna ta je, ita ma ranta ya so. Na roƙe ta ta ba ni wata ɗaya. Na kai ta asibitin ido a birni, aka fitar da yanar idon dama aka sa mata madubin roba a gurbinta, aikin bai kai rabin awa ba. Washegari da safe ma'aikaciyar jinya ta cire bandejin. Inna ta ƙifta ido, ta dubi hannunta, ta dubi taga, sannan ta juyo kaina. Ta daɗe tana kallon fuskata. Tun dawowata ba ta taɓa ganin tabon ba, ni kuma ban taɓa gaya mata zancen kwallin ba.

Ta ce, "Kai, me ya samu idon naka?"

Na ce, "Ƙura ce, Inna. Ya daɗe da warkewa."

Ta sa babban yatsanta ta shafa girata a hankali. Na buɗe kwalbar ɗigonta, na ce ta ɗaga kai sama, lokacin na safe ya yi.